Ruwan Da Ya Tumbatsa

Mutari na zaune a bakin gado yana goge takalmin Juma'arsa, karo na uku ke nan, alhali takalmin tun a karon farko ya yi fes. Ƙamshin kwakwa da soyayyar albasa ya cika ɗakin, shi kuwa ya ƙi ɗaga kai.

Su huɗu ne a ɗakin nan na unguwar Hor Al Anz, a ƙasar Larabawa inda suka zo neman kuɗi. Clement ya kama bas ɗin coci tun da sassafe. Shu'aibu, Bakano mai haɗa kaya a kamfanin cargo ɗin da suke aiki, ya ce ana nemansa a unguwar Al Muraqqabat, kuma kowa ya san ranar Juma'a ko ƙuda ba ya buɗe shago a can da safe. Saura Mutari da Piyadasa, direban kamfanin, mutumin Sri Lanka mai furfura a gefen kunne, wanda ke ta kai da komo tsakanin kicin da ɗaki da tukwane.

Mahaifiyar Piyadasa ta rasu ranar Asabar. Fasfonsa na wurin sabunta biza, don haka aka yi jana'iza ba shi. Yau kwana bakwai, kuma a al'adarsu ranar ake dafa abinci a ciyar da malaman addinin Buddha kafin rana ta take, a aika wa mamaci ladan. Babu irin malaman nan kusa, sai ya roƙi abokan ɗakinsa su ci.

"Abincin da za a kai gaban gunki? Ba da ni ba, gaɗa a hurumi," in ji Shu'aibu jiya da Hausa, yana nuna ɗan farin mutum-mutumin Buddha da ke kan kanta a saman gadon Piyadasa, wanda tsawonsa bai wuce yatsa ba.

Maganar ta tsaya wa Mutari a rai. Yana tsoron Allah, wannan ba wasa. Amma shekara biyu da suka wuce, da aka bugo masa waya daga garinsu Tanout cewa mahaifinsa ya cika, wannan dattijon ne ya kwana uku yana dafa masa shayi, yana zama kusa da shi. Kunya da tsoro suka haɗu suka hana shi tashi, suka kuma hana shi ci.

"Malli, ƙarfe nawa?" Haka Piyadasa ke kiransa, wato ƙane da harshensu.

"Sha ɗaya saura kwata, Baba Piya."

Da Turancin kasuwar Deira suke magana, wanda rabinsa Larabci ne, sauran kuma hannu ke ƙarasawa, Mutari na tsarma Faransancin garinsu. Piyadasa ya shimfiɗa jarida a ƙasa ya jera shinkafa da miyar wake da kabewa da wani ganye da aka yanka siriri. Ya ɗebi loma guda a ɗan faranti kamar na ƙoƙon shayi ya ɗora kan kanta.

Mutari ya ajiye takalmi. "Bon, in tambaye ka mana. Shi wannan, shi ne Ubangijinku?"

Piyadasa ya yi murmushi. "A'a. Mutum ne, malami. Ya tsufa, ciwon ciki ya kama shi yana da shekara tamanin, ya mutu kamar kowa."

"To mene ne na ba shi shinkafa?"

"Ba ya ci. Tunawa ce." Ya zauna a ƙasa ya miƙe ƙafarsa mai ciwo. "Ɗan sarki ne a gindin manyan duwatsun arewacin Indiya, shekara dubu biyu da ɗari biyar ke nan. Ubansa ya killace shi a gida, ya hana a nuna masa tsoho ko majinyaci ko gawa. Ya girma, ya yi aure, bai san ana mutuwa ba."

"Irin 'ya'yan masu kuɗin unguwar Jumeirah," in ji Mutari.

"Sak. Wata rana ya sa direbansa ya fita da shi gari." Ya nuna ƙirjinsa. "Ka ga mu direbobi, da mu aka fara. Ya ga tsoho, ya ga mara lafiya, ya ga an ɗauko gawa. Ya ce, wannan zai same ni? Direba ya ce, ranka ya daɗe, har da ɗanka. Ya bar fada, ya shiga daji shekara shida yana horon kansa da yunwa har haƙarƙarinsa ya fito, bai gano komai ba. Sai wata mata ta ba shi shinkafa da madara. Ya ci, ya zauna a gindin bishiya, nan ya gane cewa abin da ke ƙona mutum shi ne riƙon abin da ba ya riƙuwa. Khalas. Sauran shekarunsa yawo ya yi a ƙasa yana koya wa mutane yadda ake sassauta hannu."

"Shi ya sa kake binsa?"

"Na tashi na tarar ana binsa a gidanmu, kamar yadda ka tarar da naka. Amma ban kama shi da hannuna ba sai da ɗana na fari ya mutu." Ya lakato wasu 'yan baƙaƙen ƙwayoyi masu kama da riɗi daga bakin tukunya. "Uwata ce ta ba ni labarin matar da ta kai masa gawar jaririnta ta ce ya tashe shi. Ya ce ta samo masa irin wannan ƙwayar daga gidan da ba a taɓa mutuwa ba. Ta bi gari gida-gida. Kowa na da ƙwayar."

Bai ƙarasa ba, amma Mutari ya gane sauran: babu gidan da ba a taɓa mutuwa ba. Agogon waya ya nuna sha ɗaya da minti ashirin. Abinci ya fara hucewa.

Piyadasa bai sake cewa a ci ba. Ya jawo faranti mai zurfi, ya ɗora kofi a tsakiya, ya ɗauko butar shayi cike da ruwan sha. Ya rufe ido yana wani karatu ƙasa-ƙasa, yana tsiyayawa. Kofi ya cika. Bai tsaya ba. Ruwa ya tumbatsa yana gangarowa.

Shi fa Mutari a garin da ya tashi, rijiya gaba arba'in ce, kuma yaron da ya zubar da moɗa guda sai ya ji a jikinsa. A ɗakin nan ma Ministan Ruwa suke ce masa, don ko famfo ya ji yana ɗiga sai ya tashi. Kafin ya yi tunani ya riga ya damƙe hannun dattijon.

"Baba Piya, ya cika. Attention, hankalinka ya tafi."

Piyadasa ya buɗe ido ya dubi hannun da ke riƙe da nasa. "Da gangan ne, malli. Yadda ruwa ke cika ya gangara, haka ladan ke isa gare ta. A gida duk 'ya'yanta ke kama butar tare." Ya ajiye ta a hankali. "Amma ka yi daidai. Bayan an ci ake zubawa, ladan ciyarwar ake aikawa. Yau ba wanda ya ci. Ruwa kawai nake ɓatawa."

Ba da gori ya faɗa ba, abin da ya fi yi wa Mutari ciwo ke nan. Ya saki hannun, kunya ta rufe shi. Ya tuna dambun da aka raba a sadakar bakwai ɗin mahaifinsa, da yadda aka ce har Inyamurin da ke sayar da kayan babur a tasha ya karɓa ya ci, kuma ba wanda ya tambaye shi addininsa.

"Wanne ka kai kan kanta?"

"Wancan ɗan farantin kaɗai."

"Tukwanen nan fa?"

"Daga wuta sai gabanka."

Mutari ya wanke hannu, ya tanƙwashe ƙafa, ya yi bisimilla a bayyane. Barkonon ya fi ƙarfinsa, hawaye na zuba yana ci, Piyadasa na ƙara masa kabewa. Ya ci har ya ji babu wurin numfashi, sannan ya ce alhamdu lillahi. Sha biyu saura minti goma.

Piyadasa ya juye kofin, ya sake ɗaukar buta. Bai ce Mutari ya kama masa ba, Mutari ma bai kai hannu ba, kowa ya san iyakarsa. Sai dai ya zauna yana kallo, ya cusa hannuwansa biyu ƙarƙashin cinya don kada su sake yi masa shisshigi, har butar ta ƙare.

"Yanzu sai a zubar a bayi?" ya tambaya, ransa na sosuwa.

"A'a. A gindin bishiya ake zubawa. Ban san inda zan samu ba a nan, ko'ina siminti."

"Akwai dogon yaro a bayan masallacinmu. Voilà, kawo."

Ya juye ruwan a gorar roba bai bar ɗigo ba, ya saka takalmin da ya sha guga, ya ɗauki dardumarsa. A bakin masallaci ya tarar da Shu'aibu, wanda aikinsa na Al Muraqqabat ya ƙare daidai lokacin da ya dace.

"Mutari, ruwan me kake ba bishiya da tsakar rana?"

"Saƙo ne aka ba ni," in ji Mutari.

Ya durƙusa yana tsiyayawa a hankali, yana jira ƙasa ta shanye kafin ya ƙara, har ladani ya fara kiran salla.