Takalmi Mai 'Yar Fure

...kuma ai ba so take ba, Yesu ya sani ba so take ba, Mama ce ta ce. In Mama ce ta ce, laifin wa? Ƙafarta ɗaya tana cikin takalmin, ɗayar tana cikin tsohon silifas da ta ɗaure da waya. Mai takalma ya tsuguna yana kallonta.

"'Yammata, ƙafa ɗaya kika zo saya wa?"

Ta yi murmushi, bakin ne kawai. Baƙin takalmi ta nuna tun farko, wancan mummunan, mai kama da na masu gadi, don Allah ya gani cewa ba kwaɗayi ba ne. Sai ya ƙi shiga. An danna, an murɗa, ya ƙi. Wanda ya shiga kuwa... ruwan ƙasa, mai laushi, da 'yar fure a gefe. Me ya kawo fure? Wa ya ce a sa masa fure?

Da can haka yake farawa. Wani zafi a nan, ƙasan wuya, hannu ya yi ta ƙaiƙayi. Madam ta biya ta a shagon gyaran gashi, kafin ta kai gida babu ko sisi. 'Yan kunne, jan farce, turare, rigar waya — ita da ba ta da waya! Ta cusa a ƙarƙashin riga, ta wuce ɗaki sum-sum, ta zuba a buhun da ke bayan gado. Ba ta ma sa su. Sayen ne kawai, lokacin da ake miƙo mata leda, sai ta ji ita ma mutum ce.

Ranar da Mama ta jawo buhun tana shara... da ma duka ta yi. Zama ta yi a bakin gado, ta ɗauki ɗan kunne ɗaya tana juyawa. "Wa ya ce miki ba ki isa ba, auta?" Shi ke nan fa.

A coci ta durƙusa bayan an tashi sujada, ba kowa sai mai goge benci. Ubangiji, ba zan ƙara sayen komai ba. Komai ta ce. Da bakinta. Ana janye magana a gaban Allah? Wancan karon da Mama ta ba ta kuɗin takalmi, cikin kwanon baikon coci ta jefa, ta ce sun faɗi a mota. To ga ƙarya kuma ta hau kan alkawari. Wanne ya fi nauyi?

Wayar silifas ta ci tsakanin yatsunta. Wuni take tsaye cikin ruwan wankin kai, sabulu yana shiga ciwon, ta cije leɓe kada kwastoma ta ji. Yau da safe Mama ta ga tana ɗingishi. Ta zaunar da ita, ta ɗora ƙafar a cinya, ruwan ɗumi da gishiri. Ta yi ta hura wurin kamar na jariri. "Yesu ya riga ya biya naki, ke me kike ta biya? Ƙafar nan ma shi ya yi ta. Je ki sayo takalmi, kuma in gan shi da idona."

Ta laluba ƙirjinta tana neman zafin nan. Yana nan? Akwai wani abu, amma ba shi ba ne... ko shi ne ya sake kaya? 'Yar furen ta yi mata kyau. Gaskiya ta yi mata kyau. In abu ya zama dole kuma ya yi kyau, ya koma zunubi ke nan? Ko Allah ma yana...

Ta sa ɗayar ƙafar. Ta taka. Ba ciwo. Ashe haka mutane suke tafiya.

Ta miƙa kuɗin.

"A sa miki a leda, ko da shi za ki tafi a ƙafa?"

A ƙafa? A titi, gaban Madam, gaban Mama, ranar Lahadi har gaban bagaden coci, kowa yana gani, Yesu ma yana gani...

"Bar shi a ƙafa," ta ce.

Ta koma kan bencin mai takalman ta zauna. Bari dai ta ɗan huta tukuna.