Allurar Tukunyar Baba

Umaima ta gama alwalar la'asar ta dawo ɗaki, sai ta tarar allurar ma'aunin da ke kan sabuwar tukunyar oksijin ta sauka. Ko buɗe tukunyar ba a yi ba, don Baba na kan tsohuwar tukuna.

Ta shafa ƙarfen, ta ji ya huce. Nan take ta gane abin da ya faru.

Da azahar ta sayo ta a wani shago bayan kwatar Agege, inda Baba ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana fawa kafin huhu ya kayar da shi. Mai shagon ya jera tukwanensa a tsakar rana, wai ciki ba wuri. Ya ƙwanƙwasa gilashin ma'aunin da farce ya ce, “Hajiya, duba da kanki, a cike take.” Ita kuwa da ta yi kimiyya a sakandare, har da ba shi godiya. Ta manta iska in ta sha zafi a rufe bunƙasa take nema, ta tura allura sama, alhali ko kaɗan ba ta ƙaru ba.

Ta sake lissafi da zafin rana da sanyin ɗaki. Abin da ta zata zai kai hantsin gobe, da ƙyar zai ga asuba. Yaya Murtala kuwa yana cikin motar shanu daga Kano, ko Jebba ba su tsallake ba. A gidan babu sauran abin sayarwa, tun jiya aka fita da firiji.

Haushin kanta ya fi na mai shagon cin ta.

“Uwata,” in ji Baba ta cikin robar hancinsa, “za ta kai yayanki ya iso?”

“Za ta kai, Baba.”

Ya daɗe yana kallonta. Mutumin da ya saba kimanta nauyin bijimi da ido, ƙaryar 'yarsa ba za ta wuce shi ba. 

Ta fita baranda ta kira Murtala. Kukan shanu da ƙarar inji suka cika wayar.

“Gobe da hantsi in sha Allah,” ya ce. “Ki ce masa ina da magana da shi, ta baki da baki.”

Umaima ta koma ciki, ta durƙusa, ta kara wayar a kunnen Baba.

“Yaya,” ta ce, “faɗa masa yanzu.”