Tsinken Pak Darmaji

A hawa na uku na kasuwar kwamfuta ta Surabaya a ƙasar Indonesiya, duk wanda ya zo da tambayar ko abu kaza zai shiga akwati kaza, ba a ɓata masa lokaci, sai a ce ya je wurin Pak Darmaji. Shekara ashirin da huɗu yana zaune a rumfa ɗaya, ma'auninsa kuwa bai wuce tsinken tsire ba. Ya tsattsaga masa alamu da reza, kowace tsaga da tsawon da take nufi, kullum yana saƙale a bayan kunnensa. Samari masu duba awo a waya sun yi masa dariya har sun gaji, domin su ake dawo wa da kaya, shi kuwa ba a taɓa dawo masa ba.

Abin da yake ɓoye wa kasuwa shi ne hannunsa ya fara rawa. Na dama ne, kuma mugun ya iya zaɓar lokaci. In aikin ƙarfi ne sai ya yi lamo, da an zo kan ɗan ƙaramin abu sai ya hau ɓari kamar mazari. 'Yarsa da ke aure a garin Sidoarjo ta riga ta share masa ɗaki, ta ce ranar da ya ɓata wa wani kaya, ranar zai rufe rumfa ya koma wurinta. Shi ya san ba ma sai ya ɓata ba. A wannan kasuwa in mutum ɗaya ya gani, kafin la'asar masu gadin babura a ƙasa sun ji, kuma babu mai miƙa kayansa ga hannu mai rawa. Tsoro yake ji, tsoro na gaske, na zaman baranda yana zuba wa tsuntsaye tsaba yana jiran kiran salla.

Ga kuma Cik Giok, mai rumfar da ke fuskantar tasa. Shekara ashirin suna gaisawa da baƙar magana, amma a 'yan watannin nan abin ya wuce wasa a wurinsa. Matar nan ta tsiri tsayuwa a bakin matattakala tana tare masa mutane. Da ta hango mai ɗauke da sabon kwali sai ta yi wuf ta ja shi rumfarta, shi a bar masa masu tambaya da masu kwamfutar da aka rasa gane ciwonta. Abin yana ci masa rai.

Ran wata Talata da hantsi Cik Giok ta sauka sayo abinci, sai ga wata matashiya ta hayo da akwatin kwamfuta a rungume, ga kwali a rataye a kafaɗa. Sunanta Mbak Ratri, sana'arta haɗa bidiyon biki.

"Pak, don Allah ku ne mai tsinken nan?"

"Ni ne, in ba a canza ni ba. Ajiye nan, Mbak. Me ya same ta?"

"Zafi. Da na fara fitar da bidiyo sai ta ɗauke ɗif. Ga amarya tana kirana safe da yamma. Shi ne na sayo wannan."

A cikin kwalin akwai na'urar sanyaya ƙwaƙwalwar kwamfuta, irin wadda 'yan kasuwa ke kira hasumiya: tulin siraran farantan ƙarfe da ƙatuwar fanka a gaba, nauyinta ya haura kilo. Pak Darmaji ya zare murfin gilashin akwatin ya leƙa. Sandunan ram, ma'ajiyar bayanan kwamfuta ta wucin gadi, huɗu ne a jere, zanƙala-zanƙala, kowace da hula mai kawo wuta kala-kala, tsaye daidai inda fankar za ta zauna.

"Fankar nan za ta hau kansu," ya ce. "Ki sayar da su ki sayi gajeru, kowa ya huta."

"A'a, Pak. Maigidana ne ya aiko min su, a jirgin ruwa yake aiki. Wata tara ban sa shi a ido ba. In ya kira ni sai na juya waya ya ga suna haske." Ta ɗan yi jim. "Wani a hawa na biyu ya ce zai ɓare musu hular da reza."

"Wannan ya je ya ɓare gyaɗa."

Ya zaro tsinken daga bayan kunne. Ya auna daga allo, wato faifan da ake dasa kayan cikin kwamfuta a kansa, zuwa kan ram, ya auna hasumiya, ya auna daga allo zuwa inda murfi ke zama, yana motsa baki shi kaɗai.

"Za a ɗaga fankar da milimita bakwai ta tsallake kansu. Murfi zai rufu, da sauran uku."

"Kun tabbata, Pak?"

"Tsinke ya tabbata."

Mbak Ratri ta yi murna ta ciro waya. "Bari in ɗauka in sa a shafina, mutane su ga aikin gwani." Bai so ba, amma da wane baki zai ce kada ta ɗauka?

Farkon aikin ya tafi lafiya lau. Ya cire tsohuwar fanka, ya goge, ya ɗiga man da ake sawa tsakani, ya ɓare ledar gindin hasumiya, ya zaunar da ita, ya ɗaure sukurori gicciye, wannan kaɗan wancan kaɗan. Hannun ya yi ladabi har ya fara tunanin yau ya tsira. Saura maƙala fanka, kuma nan gizo ke saƙar. Wayoyin ƙarfe ne guda biyu sirara masu lanƙwasa, kowace sai an soka bakinta a hujin fanka, a ja ta a maƙala a gefen farantan, ɗaya hannun kuma yana riƙe da fankar daidai inda tsinke ya ce.

Ya soka bakin waya, ya ja. Yatsunsa suka fara. Wayar ta suɓuce ta yi tsalle ta faɗa gindin ram, gefen faranti ya yanke shi a yatsa.

"Zufa ce," ya ce, ba tare da ya ɗago ba.

Ya tsinto ta da ƙyar, ya sake. Wannan karon bakin wayar ya ƙi samun huji ma, sai ƙwanƙwasa gefen fanka yake, ƙas-ƙas-ƙas, da ƙarar da a kunnensa ta cika kasuwa. Yana jin idon wayar Mbak Ratri a bayan hannunsa. A ransa ya ce shi ke nan, yau ce ranar.

"Kai, tsoho! Minti goma na juya baya har ka sace min mutum?"

Cik Giok ce, da ƙunshin shinkafa a ganyen ayaba. Ta dire shi a kan tebur ta kutsa tsakaninsa da wayar Mbak Ratri, faɗin bayanta ya tare komai.

"Mbak, tsinken za ki ɗauka, shi ne abin kallo, wannan fuskar ai ta sha jiki. Kai kuma matsa. Yatsu kamar rogo, ina za su shiga nan? Wannan aikin masu ƙananan hannu ne. Kai dai faɗa min tsawo."

Ya matsa. Ya ɗauki tsinken da hannun hagu ya kafa shi a gefen ram, ita kuma ta kama fanka.

"Sama kaɗan," ya ce. "Ƙara. Ya yi yawa, Cik, ba tuta kike ɗagawa ba. Sauko. Nan."

Ƙas, ƙas. Wayoyin biyu suka zauna. Ya zura tsinken tsakanin fanka da hular ram, ya wuce sumul bai taɓa komai ba. Aka mayar da murfin gilashi ya rufu ba gardama. Da aka kunna, sandunan huɗu suka kawo wutarsu, fanka tana juyawa a kansu shiru. Mbak Ratri ta sa bidiyon amaryar nan ya fita tun daga kamu har buɗar kai, kwamfuta ko gezau. Ta yi ta godiya, ta ce yau da daddare za ta nuna wa maigidanta, ta rungumi akwatinta ta sauka.

Cik Giok ta kwance ganyen ayaba ta fara cin abincinta a tsaye, a rumfarsa, kamar an gayyace ta. Pak Darmaji ya naɗe yatsansa da tsumma, ya juyo wajenta.

"Cik. Tun yaushe?"

"Tun kafin azuminku." Ba ta ko dube shi ba. "Shekara ashirin kana shan shayi farantinka a bushe. Rana ɗaya na ga tafki a ciki."

"Shi ya sa kike tare min mutane."

"Masu ƙananan sukurori nake tarewa. Masu wuyar ciwo kuma wa kake zaton yana turo maka su, aljanu? Kullum ina tsaye a bakin matattakala da wannan gwiwar tawa, yau ɗaya na ce bari in ci abinci kamar mutane."

Wata takwas yana tsine mata a zuci, ashe wata takwas tana rufa masa asiri. Kunya ta kama shi, sai godiya ta zo ta danne kunyar, har idonsa ya kawo ruwa.

"Allah ya rufa miki asiri, Cik, yadda kika rufa min."

"Kada ka yi min kuka a kan shinkafa." Ta lashe yatsa. "Ni ma makon jiya hasumiya biyu aka dawo min da su, murfi ya ƙi rufuwa. Hannu gare ni, awo ne ban iya ba. Ka tsaga min tsinke irin naka."

"Tsinken ba ya aiki sai da mai shi."

"To ɗauko shi ku taho tare. Kujerar can ta kusa da teburina, kana gani wata takwas ban bar kowa ya zauna a kai ba."

Ya leƙa rumfarta, ga kujerar kuwa, har da matashi. Ya mayar da tsinken bayan kunne, ya ɗauki shayinsa da hannun dama, ya tsallaka taku ukun da ke tsakanin rumfunan. Kofi yana kaɗawa a kan faranti, shayi yana zuba, rabin hawa na uku suna kallo, kuma bai sa ɗaya hannun ya tare ba.