Ɗamarar Alhaji Na-Allah

Ranar sadakar bakwai ta Alhaji Na-Allah, Haman ya hau babur daga rugarsu ta Garou zuwa Malanville.

Marigayin dillalin albasa ne, kuma konseye, mai kujera a majalisar gari. Lokacin zaɓe jam'iyya ta sa sunan Haman ƙarƙashin nashi don ta kwashi ƙuri'un makiyaya. Doka ta ce in mai kujera ya rasu, na ƙarƙashinshi ke hawa. Haman bai taɓa yi ma Alhaji fatan mutuwa ba. Amma masu shinkafa sun cinye burtalin da shanu ke bi zuwa kogi, saura ɗan siriri, kuma majalisa za ta zauna kanshi kafin damina. In babu bakin makiyayi a zauren, hanyar ta rufe ke nan.

Anka shafa fatiha, anka raba goro. Sai Maigandi, shugaban jam'iyya, ya fito daga cikin gida da faranti a rufe. Ɗamarar konseye ta marigayi ce ciki, kore da ruwan ɗorawa da ja, an wanke, an goge, har da turare. Ya rataya ta ga kafaɗar Abdurazak, babban ɗan Alhaji, wanda ko tsayawa zaɓe bai taɓa yi ba. Maroƙi ya ɓarke da kirari. Mata sunka rangaɗa guɗa a gidan makoki.

Maigandi ya jawo Haman gefe.

"Ɗan Fulani, kai mai hankali ne. Gobe ka tahi meri, ofishin magajin gari, ka ce ka janye. Sauran aikinmu ne."

"Sunana jama'a sunka zaɓa, Alhaji."

"Albarkacin wa? Gawa ba ta huce ba za ka ƙwace ma maraya kayan ubanshi?"

Marayan na da gemu da mota. Haman ya dube shi yana gyara ɗamara bisa tumbi, mutane na durƙusawa suna cewa Allah shi riƙa. A lakkwal, makarantar boko, kafin ya bari, malaminsu ya sha faɗa musu: a Jamhuriya kujera aro ce daga jama'a, ba a gadonta, ba a naɗa ta kamar rawani. Ga malamin can bisa tabarma, yana cikin masu cewa amin.

Haman bai ci shinkafar sadaka ba. Ya koma ruga, ya iske kawunshi Boubakar yana ɗaure maruƙa, ya kwashe duka ya gaya mai.

Tsohon ya miƙe, ido jawur.

"Kada ka kuskura ka janye! Ko jandarma sunka zo."

Haman ya matso kusa da shi. Ashe akwai mai ganewa.

"Riƙe kujerar nan gam," in ji Kawu. "Ta shigo gidanmu ke nan. Bayanka ɗanka, bayanshi jikanka. Su ma su ɗanɗana."

Goron da ke bakin Haman ya koma kamar toka. Ya tofar.

Da safe ya bi ta burtali, ƙaya na kamun wandonshi hagu da dama. Ya tahi meri, kafaɗa wayam, ya ce ma sakatare ya zo karɓar kujera.

"Ta wane gida?" in ji sakatare, bai ko ɗaga kai ba.