Igiyar Shanyar Inna

"Ɗauke dankalin nan daga gabana, 'yar nan," in ji Inna, "kafin ƙamshinsa ya karya min niyya."

Mai tuya ta tsaya da faranti a hannu, ranta a ɓace. Shekara da shekaru tsohuwar maƙwabciyarta ce ke buɗe mata kasuwa, yau ga shi ana korar tuyarta kamar ɓarawo.

Ciwo ne ya kama Inna a kafaɗu da ƙugu. Da safe a sandare take tashi, hannu ba ya kaiwa ka. Likita ya ce kumburi ne na ciki, ya ba ta ƙwayoyi, ya ce ta taya su da baki: ta rage sukari da soye-soye da farin burodi, ta riƙe kifi da ganye da wake.

Ba don daɗin magana ta bi ba. Ɗanta ne ya ce, "Inna, ranar da kika kasa shanya kayanki, gidana za ki koma."

"To je ka jira," ta ce masa. "A ɗakin nan na haife ka, a nan za a ɗauke ni."

Dole mai tuya ta koyi turara kifi da citta da lemon tsami. Karon farko Inna ta ɗanɗana, ta yatsine fuska.

"Kifin nan sau biyu ya mutu." Amma ta cinye shi tas.

Kullum mai tuya na leƙe ta taga, tana ganin tsohuwar ta nufi igiyar shanya da jiƙaƙƙen ɗankwali, ta ɗaga hannu, ya tsaya a rabin hanya. Tausayi ya ci ta. Ta faki ido ta sassauto da igiyar.

Kashegari Inna ta kira ta, fuska ba wasa.

"Wa ya aike ki? Na bar sukari ne don igiya ta sauko ta same ni? Mayar da ita kan ƙusar da mai gidana ya kafa."

Kunya ta rufe mai tuya, ta mayar.

Aka ci gaba da ƙwayoyi da kifi da mita. Wata safiya, a gaban ɗanta, Inna ta ɗaga hannu a hankali, ta wurga ɗankwalin bisa igiya, ta maƙala masa matsin shanya.

"Gaida mutanen gida," ta ce wa ɗan nata.

Ba kafaɗa ce ta ɗauke ta ba. Zuciya ce ta tsaya, wata rana bayan ta yi wanki ta kishingiɗa a gadonta. Mai tuya ce ta same ta, da kwanon kifi a hannu, ta yi kuka har ta gode Allah.

Da aka watse daga zaman makoki, mai tuya ta fito tsakar gida kwashe shanya. Ɗankwalin yana can sama, ya bushe. Ta miƙa hannu, sai da ta yi ɗage kafin yatsunta suka taɓa matsin. Ta sauke hannun, ta bar shi a nan.