Ƙyauren Mahala

Mahaifiyata, Mahala Strode, ba ta da abin da take ji da shi a duniya kamar ƙyauren ɗakinmu. Daga Ohio aka ɗauko shi a ƙasan amalanke, baƙin katako mai nauyin tsiya, aka rataya shi a bakin ɗakin ƙasa a tsakiyar Nebraska ta ƙasar Amurka, inda za ka yi tafiyar yini biyu ba ka ga bishiyar ɗaure doki ba. Da busasshen kashin shanu muke girki. Duk wanda ya mutu a wajenmu, sai an duba cikin gida an nemi abin da za a fasa a yi masa akwatin gawa.

A haka kayanmu suka ƙare. Gefen amalanke ya tafi da ƙanwata Effie. Akwatin kayan auren Mama ya tafi da jaririn da ko suna bai samu ba. Tebur ya tafi da Baba shekarar zazzaɓi, muka koma cin gurasar masara a kan cinya. Ɗan farinta Jonas ne kaɗai bai samu katako ba. A hanyar zuwa daga Ohio ya rasu, aka naɗe shi a bargo aka binne. Washegari Baba ya koma neman saniyar da ta ɓata, ya tarar kyarketai sun tone ramin, kuma bai iya riƙe bakinsa ba, ya gaya mata.

Shi ya sa ta ce ƙyauren nata ne. Ƙaramar mace ce, ta tabbatar in aka tsage shi gida biyu zai ishe ta har da murfi. Na sha ganinta ta jingina baya da shi, ta ɗora tafin hannu a saman kanta tana duba tsawo.

"Ku saurara da kyau," takan ce mana ni da yayana Asa. "Duk wanda ya naɗe ni a bargo, ban yafe ba."

Wata safiya gab da shigar sanyi, ina da shekara goma sha biyar, maƙwabcinmu Lemuel Hatch ya tsaya a ƙofarmu da hula a hannu. Matarsa Philena ta rasu wajen haihuwa. Ita da Mama ba sa ga maciji, tun ranar da Philena ta ce a gaban mutane gurasar Mama ta fi dacewa da toshe ramin ɓera.

"Maman Asa," ya ce, idonsa a kan ƙyauren, "na zagaya gida huɗu. Ba kowa da katako."

"Amalankenka fa?"

"Kin san bara ya tafi da mahaifina."

"To ni ma ba ni da shi, Lemuel. Wannan yana da mai shi."

Bai yi musu ba. Ya mayar da hularsa ya juya. "Ba komai. Akwai bargo mai kauri. Zan haƙa da zurfi."

Ya kai wajen dokinsa kafin Mama ta yi magana, kuma ba ta ɗaga murya ba.

"Zurfi ba ya hana kyarketai. Asa, ɗauko guduma."

Ita ta riƙe ƙyauren ana cire shi. Da za a ɗora wa doki ta ce wa Lemuel, "Ka tsage shi a hankali. Matar taka ta fi ni tsawo, har a nan sai da ta fi ni." Daga nan ta shige ɗaki ta zauna a bakin gado, hannuwanta a cinya. Ban taɓa ganin gajiya irin ta ranar a fuskar mutum ba, kuma na ji haushin Philena, Allah ya yafe mini.

Fatar saniya muka rataya a madadin ƙyauren. Sanyin shekarar ya ci ƙaniyarmu, ƙanƙara takan shigo har gindin gado. Da sanyi ya wuce ƙasa ta saki, Mama ta yi tafiyar yini zuwa bakin kogi ta dawo da reshe ɗaya kamar sandar kiwo, ta soka shi kusa da rijiya.

"Ga shi nan," ta ce. "Ni da nake neman hutu, an ƙara mini aiki. Yanzu ba damar mutuwa sai wannan ya yi kauri."

Ruwan wanke kwano, ruwan wanka, duk a gindinsa suke ƙarewa. Fara ta cinye ganyensa sau biyu, ya sake tofowa. Duk kaka sai ta rungume shi ta auna, ta yi tsaki ta koma aiki. Jirgin ƙasa ya iso garin da ke kusa da mu, katako ya cika kanti, Asa ya ce ta kwantar da hankalinta, akwati ma sai wanda ta zaɓa.

"Kai dai ka iya surutu," ta ce. "Wanda na ba ruwa nake so."

Shekara talatin da ɗaya ta jira shi. Ranar da ta rasu, Asa ya ce ɗanyen ice ne, zai lanƙwashe, kuma shi kaɗai ne inuwa a gonar. Gaskiya ya faɗa. Na miƙa masa gatari, da ya tsaya kallona na fara sara da kaina.

Ya ishe ta har da murfi. Katako ɗaya ya yi saura, yana ƙarƙashin gadona.