Fuskar Ƙarfe

Aikin Auta a wurin ɗaukar fim shi ne yin rauni. Da fenti da soso da wata roba mai laushi take fasa wa mutum leɓe, ta kumbura masa ido, ta zana masa sara a kafaɗa, har wanda ya gani ya kawar da kai. Idan an tashi ta goge komai da auduga da mai, mutum ya koma gida lafiya lau. Ta daɗe a sana'ar, amma ba ta taɓa samun aiki mai girman wannan ba, fim mai dogon zango da ake yi daga wani gem, wato wasan bidiyo na faɗa, wanda matasa suka yi shekara da shekaru suna bugawa a shaguna da wayoyi.

An taɓa yin fim daga gem ɗin, ya faɗi warwas. Masu buga shi suka yi wa fim ɗin ca, suka ce faɗan ciki rawa ce kawai ake yi. Shi ya sa tun ranar farko Darakta ya tara ma'aikata a tsohuwar masana'antar da aka mayar wurin ɗauka, ya ce wannan karon so yake mai kallo ya ji dukan a haƙarƙarinsa.

Auta ce ta kawo yayanta cikin aikin. Guduma ake ce masa tun yana shiga gasar kareti, kuma sunan ya bi shi har bayan da gwiwa ta sa ya bari ya koma koyar da yara a wani ɗaki saman shagon tayoyi. Ana neman ƙaton mutum da zai fito a matsayin Fuskar Ƙarfe, mugun da ke ƙarshen gem ɗin, wanda ba ya cire abin da ya rufe fuskarsa da shi. Murya ma ta wani za a sa. Da ta gaya masa ya yi dariya, ya ce yau ga aikin da muninsa ba zai hana shi samu ba. Matarsa ta ce idan an gama a roƙa mata fuskar ya riƙa sawa a gida.

Jarumin fim ɗin kuwa kyakkyawan saurayi ne da ya yi suna a finafinan soyayya. Tun da aka sanar shi ne zai fito, masu gem suka sa shi gaba a intanet, wai ko kwali ba zai iya hudawa da naushi ba. A kujerar Auta yake karanta maganganunsu kowace safiya, tana shafa masa hoda tana ganin jijiyar wuyansa na motsi. In ya gaji da karantawa sai ya buɗe gem ɗin a waya, kullum da Fuskar Ƙarfe yake karawa, yana danna wayar kamar zai fasa ta. Ba shi da raini, yakan gaishe ta har ya tambayi mutanen gida. Wata rana dai, ba tare da ya ɗago kai ba, ya tambaye ta wane launi rauni na gaske yake komawa in ya kwana.

Faɗan fim lissafi ne. Akwai wani dattijo mai tsara faɗa da ya koya musu kowane taku, inda ƙafa za ta tsaya kafin ta taɓa jiki, da lokacin da wanda aka daka zai jefar da kansa baya. Da farko haka aka yi ta yi. Sai ranar da ake ɗaukar faɗan kasuwa, Jarumi ya kai shuri a haƙarƙari bai tsayar da ƙafar ba. Ƙarar ta bambanta da wadda aka saba ji, har mai ɗaukar sauti ya zare abin kunnensa ya duba. Guduma ya durƙusa, ya miƙe, ya ɗaga hannu alamar ba komai. Jarumi ya ba da haƙuri, ya ce santsi ne ya kwashe shi. Darakta kuwa yana zaune gaban ƙaramin allonsa yana maimaita wurin, yana sake maimaitawa.

Kayan Fuskar Ƙarfe ba su da riga, don haka aikin Auta ne ta zana wa yayanta tabo a ƙirji da gefen ciki. Washegari ta ɗauko soso, ta tarar wurin da za ta zana ya riga ya yi baƙi ya kumbura. Tana tsaye da soson a hannu Darakta ya zo wucewa, ya sunkuya ya duba, ya ce ta bar wannan yadda yake, ya fi nata kyau. Ya faɗe shi kamar wasa, na kusa suka yi dariya.

Daga nan santsi ya yi ta kwasar Jarumi. Kullum yana ba da haƙuri, kullum fentin da Auta ke buƙata yana raguwa. Ta yi wa yayanta magana, ya ce ya sha dukan da ya fi wannan a hannun mazan gaske, wannan yaron ai susa yake masa. Ta lura dai ya daina zama a kan benci da sauran ma'aikata lokacin cin abinci, sai ya jingina da bango yana ci a tsaye.

Sai Darakta ya ce fuskar roba ba ta ƙyalli a kyamara, a ƙero ta ƙarfe. Dattijo mai tsara faɗa ya ƙi yarda. An ji muryoyinsu a ofis ƙofa a rufe, washegari aka ga babu shi, babu jakarsa a inda yakan rataye ta. Ba wanda ya yi bayani, ba kuma wanda ya tambaya. A makon ne Jarumi ya kai gwiwa a fuska, ƙarfen ya yi ƙara kamar an jefar da murfin tukunya. Da Auta ta cire wa yayanta fuskar ta ga gira ta fashe, jini ya gangara cikin kunne. Mai ba da agajin gaggawa na wurin ya haska masa fitilar waya a ido, ya manna filasta, ya ce lafiya ƙalau.

Bayan an tashi ta same shi a bayan janareta yana amai. Ya ce zafin fitilu ne. A hanya ya tambaye ta ko gobe akwai aiki, ta ce akwai. Ba su kai mahaɗar titi ba ya sake tambayarta.

Ta je gidansa ta sami matarsa a kicin. Tun kafin Auta ta gama magana matar ta rage wutar risho ta jawo ƙofa. Ta ce da ciwon kai yake kwana yake tashi, haske ma ba ya so, kuma jiya ya daka wa ƙaramar 'yarsu tsawa don ta ja kujera, shi da ko ƙuda ba ya kora da ƙarfi a gida. Suka same shi a falo labule a sauke, suka yi ta roƙonsa ya je asibiti, ya bar aikin. Ya saurare su har suka gama. Ya ce faɗa ɗaya ya rage, na ƙarshe, daga shi sai hutu.

"Auta, ke fa kika kawo ni," in ji shi. "In na gudu yanzu, wa zai sake ba ki aiki?"

Ta ce ita ba ta son aikin. Ya ce shi yana so mata.

Ta sami Darakta, ya ce ai an duba shi, kuma babban mutum ne, da bakinsa. Ta sami Jarumi a kujerarta, ta roƙe shi ya riƙa sassautawa, ta ce yayanta ba shi da lafiya. Ya ajiye wayar, ya dube ta ta cikin madubi.

"Shi ya ce miki yana jin zafin dukana?"

Babu tausayi a muryar. Abin da ta ji a ciki ya fi kama da murna, sai ta yi da-na-sanin buɗe baki.

An gina gadar katako mai tsawo don faɗan ƙarshe, koren ƙyalle a bayanta, katifu da kwalaye jere a ƙasa. A gem ɗin nan ne jarumi yake jefa Fuskar Ƙarfe cikin rami, kuma duk mai buga shi ya san wurin. Da hantsi aka kunna fitilu, wurin ya ɗauki zafi da warin fenti. Auta ta gama shafa wa yayanta mai a kafaɗu, ta ɗaura masa fuskar. Ta ramukan idon ta ga baƙin idonsa na dama ya fi na hagu girma. Yana jujjuya wuya, yana ɗan tsalle a kan yatsun ƙafa, abin da gwiwarsa ta daɗe da hana shi.

"Da wa aka haɗa ni?" ya tambaye ta. "Ɗan wane kulob ne?"

Ta yi murmushi don ta ɗauka zolaya ce. Bai mayar mata ba. Ya ce ta gaya wa Baba ya matso gaba inda zai gani da kyau. Mahaifinsu ya rasu tun Auta tana makaranta.

Kafin ta dawo hayyacinta an ja shi ya hau tsani. Ta ruga wurin Darakta, mataimakinsa ya tare ta da hannu, ya ɗora yatsa a leɓe, ya nuna mata jar fitilar da ke nufin an fara ɗauka. Ta yi magana duk da haka, ƙarar injin hayaƙi ta haɗiye muryarta.

A kan gadar Jarumi ya kai shurin farko da iya ƙarfinsa, kamar yadda ya saba. Wannan karon Guduma bai karɓa ba, ya tare da gwiwar hannu, ya ja ƙafa baya, ya sauke kafaɗa. Auta ta san tsayuwar nan, tun tana yarinya take ganinta daga kan bencin 'yan kallo. Jarumi ya ɗan yi turus, sannan ya sake afkawa. Abin bai ɗauki lokaci ba. Guduma ya share masa ƙafa, kafin ya kai ƙasa ya tarbe shi da naushi a muƙamuƙi. Jarumi ya bi ta gefen gadar inda ba a tsara kowa zai faɗa ba, rabin jikinsa ya sami kwali, rabi ya sami siminti.

Wurin ya yi tsit, ban da injin hayaƙi. Kowa ya juya yana kallon Darakta, shi kuwa idonsa na kan allo, jar fitila tana nan a kunne. A sama Guduma ya haɗa ƙafafu, ya rusuna, ya tsaya yana jiran alƙalin wasa ya ɗaga masa hannu. Da ba wanda ya zo, ya zauna a kan katakon a hankali, ya kwanta ta gefe. Sai a lokacin Darakta ya ce a tsaya.

Mota ɗaya ta kwashe su zuwa asibiti. Jarumi ya karye a muƙamuƙi da ƙugu, ya rayu, amma bakinsa ya karkace, kuma da sanda yake tafiya. Guduma kuwa likita ya ce jini ne ya daɗe yana taruwa a cikin kansa, aka yi masa aiki a ranar. Ya farfaɗo, hannunsa na hagu yana rawa, bai tuna komai na makon ba. Da aka ba shi labari ya yi ta kuka, ya ce a kai shi ya roƙi yaron gafara. Dangin Jarumi suka ƙi buɗe musu ƙofa. Kamfanin ya ce tsautsayi ne na wurin aiki, maganar ta mutu a nan.

Auta ta bar kamfanin, ta koma yi wa masu karanta labarai hoda a wani ƙaramin gidan talabijin. A can ne wata abokiyar aikinta ta miƙo mata waya ta ce ta ga tallan sabon fim ɗin nan da kowa ke magana a kai. Faɗan gadar ne, ba su yanke komai ba, har rusunawar. An sauya labarin, yanzu mugun ne ya ci faɗan. A ƙasan bidiyon dubban mutane suna yabo, suna cewa sai yanzu aka yi musu abin da suke so, suna tambayar wane ne a cikin fuskar.

Bayan wasu watanni ta je duba yayanta da rana, ta ga baƙar mota a ƙofar gidan. Matarsa tana kicin a tsaye, famfo na zuba a kan kwanon da ya riga ya cika, ba ta ko amsa sallama ba. A falo Darakta ne zaune da kofin shayi, Guduma yana gefensa fuska a sake, rabon da ta gan shi haka tun kafin asibiti. Guduma ya ce mata za a yi zango na biyu, kuma mutane sun ce in ba shi ba, ba sa kallo.

Auta ta ce likita ya faɗa a gabansu duka, ko ƙofa ya buga da kan nan ba a san abin da zai faru ba. Darakta ya gyaɗa kai kamar ya fi ta damuwa. Ya ce shi ya sa wannan karon ba ɗan fim suka ɗauko ba, sun samo ɗan faɗa na gaske wanda ya san inda zai tsayar da hannunsa. Guduma ya ce ta ji ko, ya danne hannunsa na hagu da na dama a kan cinya don ya daina rawa. Ta kira shi Yaya, ta sake kira, ya ce za su yi magana in baƙo ya tafi.

Ta fito tsakar gida don ta sha iska, daga nan ta leƙa waje. An sauke gilashin bayan motar. Wani matashi ne a ciki, mai kaurin wuya, kunnuwansa a murɗe irin na waɗanda suka sha duka. Ba ya danna waya, ba ya kallon titi, tagar falon kawai yake kallo. Da ya gan ta ya gaishe ta da ladabi, ya tambaya ko nan ne gidan mutumin da ke cikin bidiyon. Ya ce ya kalle shi ya fi a ƙirga, kuma ya ƙosa su haɗu.